Nomau da Dawowar Hankaka

A garin Dogon Marke akwai wani gida mai mutum uku: Inna Tabawa, da babban ɗanta Mamuda, da autanta Nomau. Mamuda ke da gidan kallo ɗaya tilo a garin, ɗakin ƙasa mai rufin kwano, da talabijin, da bencina, da wani tsohon janareta a bayan ɗaki mai tari kamar ɗan taba. Daga nan tuwon gidansu yake fitowa. Nomau kuwa ƙato ne, har gemu ya fito masa, ga ƙarfi ga farar zuciya. Aibinsa ɗaya, yadda ka ajiye masa magana haka zai ɗauke ta, ba ya leƙa ƙarƙashinta. In ka ce ya jira ka a nan, ko ƙanƙara ake zubawa a nan za ka same shi. An sha ba Mamuda shawara ya tura shi ƙauye wurin kawunsu ya yi kiwo kowa ya huta, shi kuwa kullum amsarsa ita ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Wata rana Mamuda ya kawo wani fim ɗin Turawa da aka fassara da Hausa, na wani jarumi da aka ce asalinsa a littafin zanen yara aka ƙirƙiro shi. Baƙaƙen kaya yake sawa masu farin ƙirji, da baƙin mayafi a wuya, in ya diro daga saman bene sai mayafin ya buɗe ya yi ta shawagi. Sunansa ya gagari bakin mutane, sai suka raɗa masa Hankaka. Nomau ya so Hankaka so na haƙiƙa. Da fim ya zo ƙarshe, Hankaka ya rungume mugu suka faɗa teku tare, Nomau ya fashe da kuka kamar an yi masa mutuwa.

"Yaya, yanzu shi ke nan ba wanda zai yi masa ko zaman makoki?"

Mamuda ya gaji, ga sammakon zuwa birni yana jiransa. Ya ce, "To kai ka yi masa mana."

Gari na wayewa, bayan Mamuda ya tafi, Nomau ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ya zauna ya yi tagumi. Duk wanda ya tambaye shi wa ya rasu sai ya share hawaye ya ce, "Wanda ke tara mana jama'a a gidan kallo. Ruwa ya ci shi." Kafin azahar ƙofar gida ta cika, mata na shiga ciki da salati, Inna Tabawa ta yar da taɓarya ta zube a tsakar gida. Ana cikin haka sai ga Mamuda ya sauko daga kan babur da ledar burodi a hannu, yana tambaya lafiya. Ran nan har mai ciwon ƙafa ya yi gudu. Inna ta kwana biyu ba ta yi wa Nomau magana ba, amma ba ta fasa zuba masa tuwo ba.

Wata rana sai ga kashi na biyu ya fito. Mamuda da Nomau suka fara kallonsa su biyu. Da Hankaka ya bayyana da ransa, ko jiƙewa bai yi ba, Mamuda ya yi tsaki ya ce wannan rainin hankali ne. Nomau kuwa ko a jikinsa.

"Ai kai ma mun yi makokinka ka dawo, Yaya."

Ranar kasuwa Mamuda ya ba shi ƙararrawa ya ce, "Je ka gaya wa mutane abin da ke cikin fim ɗin nan. Kada ka rage komai." Nomau ya tsaya tsakanin masu albasa da mahauta ya kaɗa ƙararrawa ya fara tun daga farko.

"Jama'a, Hankaka bai mutu ba, amma ba a faɗi dalili ba! Akwai dambe a saman jirgin ƙasa, wallahi sai kun miƙe tsaye! Mugaye uku ne, biyu ba su da amfani, cika wuri kawai suke yi. Ta ukun mace ce, ita ce mai daɗin, don Hankaka ne ya rushe musu gida yana faɗa, ɗanta ya mutu a ciki. A tsakiya akwai surutu mai tsawo, Yaya ma ya yi barci har da miyau. Abokin nan nasa mai gilashi kuma kada ku yarda da shi, shi ne munafukin, sai a ƙarshe za ku gane!"

Bai rage komai ba, kamar yadda aka ce. Da yamma rabin bencina babu kowa, waɗanda suka zo kuma abokin mai gilashi na leƙowa suka hau zaginsa tun bai yi laifin komai ba.

Wata rana gardama ta kaure a teburin mai shayi. Masu cewa kashi na ɗaya na fim ɗin ya fi suna cewa shi labarinsa a miƙe yake kamar hanyar rafi, na biyu kuwa an cika masa kaya har ya kasa tashi. Masu goyon na biyu suna cewa ai a nan ne aka nuna jarumi ma yana ɓarna, kuma dambensa ya fi. Abu ɗaya kowa ya yarda da shi, surutun ya yi yawa. Mamuda ya ji, ya miƙa wa Nomau rimot ya ce, "Yau da zarar sun fara magana, ka wuce da shi gaba." Nomau ya zauna gaban talabijin ya ƙura ido. Wanda duk ya buɗe baki a fim ɗin, ko sallama ce, sai ya danna. Fim ɗin da ke kai mutane daga la'asar zuwa magariba ya ƙare kafin shayin wani ya huce. Aka ga naushi, aka ga wuta, aka ga jirgin ƙasa, aka ga mace tana kuka, ba wanda ya san me aka yi mata. Wani mahauci ya ce shi dai hakan ya fi masa. Wani tela ya ce a'a, an ba shi nama babu tuwo, ashe surutun nan da ake raina shi ke riƙe da fim ɗin. Aka sake sabuwar gardama, wadda ta fi ta da zafi.

To, ana wata sai ga wata. Yaran garin suka ɗauki wata sabuwar sara, kowa ya saci zanen uwarsa ya ɗaura a wuya, ya hau katanga ya diro yana ihu shi ne Hankaka. Aka yi ta gurjewa da targaɗe, har ranar da Sagiru, jikan Mai unguwa Jibo, ya diro daga saman rumbu ya karya hannu. Hankalin Mamuda ya tashi ƙwarai, don ya san in aka rufe ɗakin nan ba su da wata madafa. Ya kira Nomau ya ce, "Duk wanda ka gani da mayafi a wuya, ka ƙwace." Nomau ya zaga gari ya tara zannuwa cike da hammata. A kan hanyar dawowa ya yi kiciɓis da Mai unguwa Jibo ya fito daga gidan maɗori, rai a ɓace, da farin mayafinsa a rataye a wuya. Nomau ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, ya miƙe, ya zare mayafin.

"Kai! Me ke nan?"

"Don kada ka diro ne, ranka ya daɗe. Kai in ka karye ba za ka ɗoru da wuri ba."

Da kyar Mamuda da Inna Tabawa suka ba da haƙuri. Mai unguwa ya ce shi ba zai yanke hukunci a kan ji ba, gani ya kori ji. Ranar Alhamis zai zo da dattawa, a tara yaran duka, ya kalli abin da ke sa su hauka. In bai ga dalilin barinsa ba, a ranar za a sa wa ɗakin kwaɗo.

Wata rana dai ita ce Alhamis ɗin nan. Mamuda bai iya karin kumallo ba. Fatansa ɗaya, dattawa su daure su kai wurin da Hankaka ya durƙusa ya roƙi matar nan gafara, ko zuciyarsu ta yi sanyi. Tsoronsa kada surutun tsakiya ya kore su. Ya ja Nomau gefe ya danƙa masa makulli da rimot.

"Ka kulle ƙofa. Kada ka bar kowa ya fita sai fim ya ƙare ƙarƙaf. Ka ji? Kowa."

Aka fara. Dattawa a gaba, yara a ƙasa, Sagiru da hannu a ɗaure da karare. Wurin damben jirgin ƙasa har hular wani dattijo ta faɗi bai sani ba. Wurin surutu Mai unguwa ya yi gyangyaɗi, ya farka daidai inda Hankaka ya diro daga bene mafi tsawo, yara suka ɗauki sowa. Roƙon gafarar da Mamuda ya dogara da shi kuwa bai sa Mai unguwa ya yi ko gezau ba. Da rubutu ya fara hawa a baƙin allo, ya miƙe ya kaɗe riga.

"Na gani. Ƙarya ce mai kyau, kuma ita ke karya mana yara. Buɗe ƙofa."

Nomau ya jingina bayansa da ƙyaure. "Bai ƙare ba, ranka ya daɗe. Ga shi can yana tafiya."

"Sunaye ne kawai, Nomau!" in ji Mamuda. "Buɗe in je in kashe janareta."

"Ka ce kowa, Yaya. Kai ma kowa ne."

Mamuda ya kai hannu zai kashe talabijin, Nomau ya ce kashewa daban ƙarewa daban, in aka kashe sai dai a kwana a nan. Makulli yana cikin aljihunsa, kuma duk ɗakin ba mai iya ɗaga shi. Haka aka koma aka zauna, zufa na zuba, ana kallon sunayen Turawa suna hawa kamar jerin tururuwa. Tun da aka buɗe gidan kallon nan ba a taɓa kaiwa nan ba, don rubutu na fitowa Mamuda ke rugawa ya kashe inji saboda mai. Shi dai ya sunkuyar da kai, ya riga ya sallama ɗakin.

Sai rubutu ya ƙare, hoto ya dawo.

Ga Hankaka a cikin wani ƙaton ɗaki mai koren bango, babu bene babu gari. An ɗaura masa igiyoyi a ƙugu yana reto kamar guga a bakin rijiya, wasu ƙarti a ƙasa suna ja suna nishi, wani yana hura masa mayafi da fanka. Igiya ɗaya ta zame, ya juye kai ƙasa yana ihu a sauke shi. Aka nuna inda zai diro, ashe tsayin bai kai na rumbu ba, ƙasa kuma katifu ne a jibge. Duk da haka sai da ya leƙa ya ja da baya ya girgiza kai. Wani siriri mai irin kayansa ya zo ya dira a madadinsa, ya tashi yana ɗingishi, shi kuwa gogan yana zaune a kujera ana yi masa fifita.

Sagiru ya dubi hannunsa, ya dubi talabijin.

"Kaka, shi da katifa ma ya ƙi? Ni a kan tsakuwa na dira!"

Dariya ta ƙwace wa Mai unguwa har da tari, dattawa suka ɗauka, yara suka bi, wasunsu suna ɓoye fuska don kunya. Da ya samu numfashi ya nuna talabijin da sanda ya ce wata guda yana yi wa yaran nan faɗa, bai yi abin da wannan ɗan guntun ya yi ba. Ɗaki ba za a rufe shi ba, amma da sharaɗi, daga yau kowane fim sai an kai ƙarshensa, kuma makulli ya zauna a hannun wannan ƙaton, tunda shi ko mai unguwa ba ya buɗe wa.

Hoto ya ɗauke, allo ya yi baƙi, sannan Nomau ya buɗe ƙofa. Jama'a suka fita suna ta maimaita reton Hankaka. Mamuda ya juyo da niyyar rungume ƙaninsa, sai ya gan shi zaune a benci, ido ya ciko. Tausayi ya kama shi, don ya san a duk garin ba wanda ya yarda da Hankaka kamar Nomau.

"Ka yi haƙuri, auta. Haka fim yake."

Nomau ya ce, "Yaya, ashe shi ma riƙe shi ake yi."

"Riƙe shi ake yi."

"Kuma ba su sake shi ba, duk nauyinsa."

"Ba su sake shi ba."

Nomau ya share ido da bakin riga. "To sunayen nan masu yawa da kowa ke gudu, na masu riƙon ne?"

Mamuda ya ce yana jin haka ne.

"Gobe ka karanta mini su. Bai kamata a ce mutum yana riƙe da wani tun daga farko har ƙarshe, a tashi a watse ba a san sunansa ba."

Mamuda ya dafa kafaɗar ƙaninsa, ya ce ya tashi su je gida, Inna na can tana jiran labari.