Kaftin Ɗin Ragbin Maradi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya cinye mini sauran tunani, da wata Asabar da na tsaya gaban tsofaffin Turawa cike da ɗaki a bayan garin Lyon, na buɗe bakina na ce ni ne tsohon kaftin ɗin ragbi na Maradi. Ni fa, wanda ko tseren buhu bai taɓa ci ba a lakwal, wato makarantar boko.

Bari in faro daga tushe. Lokacin na gama karatuna a Paris, ina zaune a Stains da ke gefen birnin, ina aikin gwaji na wata shida a wani ɗan ƙaramin buro, wato ofis, da ke rubuta wa ƙungiyoyin wasanni tsare-tsare. Katin zamana na ɗalibi saura wata biyu ya mutu. Idan shugabar buron, Madam Silvi, ta sa mini hannu a kwantiragi, in canza kati in zama ma'aikaci. Idan ba ta sa ba, in ɗaure akwatina in koma gida da digiri da rigar sanyi. Wannan maganar nake kwana da ita, ita nake tashi da ita, har a jirgin metro in na ga mai yunifom sai gabana ya faɗi, alhali tikitina na aljihu.

Sai ga aiki ya shigo. Manyan da ke riƙe da harkar ragbi (wasan nan da 'yan rediyo ke ce wa zari-ruga) suna so su kai wasan ƙasashen waje, musamman Afirka, a samo sababbin 'yan wasa da 'yan kallo. Su kuwa tsofaffin kulob-kulob na cikin gida sun tada ƙayar baya, suna cewa a fara gyara musu nasu filayen kafin a tafi neman suna a duniya. Aka shirya taro a wani tsohon kulob kusa da Lyon, aka ce buronmu ya turo wanda zai lallashe su.

Madam Silvi ta ɗaga kai ta dubi buron. Mu shida ne, ni kaɗai ne baƙi.

"Kai daga Afirka kake," in ji ta. "Ka san ragbi?"

Jama'a, amsar gaskiya kalma ɗaya ce. Amma na tuna katina, sai na ji bakina ya ce, "Madam, ai a cikinsa na girma."

Ta yi murmushi ta ce, "Voilà! In taron Lyon ya tafi daidai, ran Litinin mu yi maganar kwantiraginka."

Mako guda na yi ina haɗa jawabi. Na shiga intanet na zaɓo hotuna, kuma a cikinsu akwai wanda ya tafi da hankalina: wani dogon ƙato, abokansa biyu sun kama cinyoyinsa sun ɗaga shi sama, yana cafe ƙwallo kamar mai tsinkar mangwaro. Na ce wannan shi ne shafin farko. Na faɗaɗa shi ya cika allo, na zauna ina kallonsa ina yaba wa kaina.

Abin da ban sani ba (kuma minti biyar na karatu ya isa in sani, amma ina ni ina karatu, ina can ina zaɓen launin rubutu) shi ne ragbi iri biyu ne. Akwai na mutum sha biyar, akwai na mutum sha uku. Mu 'yan sha uku ne suka ba mu aiki. A wasansu ba a ɗaga kowa sama, wannan al'adar 'yan sha biyar ce. Kuma tsakaninsu akwai tsohuwar gaba, don a zamanin yaƙin duniya gwamnati ta haramta wasan 'yan sha uku ta ƙwace musu kaya, su kuwa har gobe sun ce da hannun 'yan sha biyar a ciki. Madam ba ta duba aikina ba. Ita daga harkar tanis ta fito, kuma ta yarda da wanda ya girma a cikin abin.

Muka hau jirgin ƙasa da safe, ni da ita. Na sha kwat da wando da na saya a Aubervilliers, wandon ya ɗan matse ni, amma na ce ba komai, tsayuwa zan yi.

Zauren kulob ɗin na warin ciyawa da tsohon takalmi. Bango cike da hotunan mutanen da suka mutu tun kafin a haifi babana, a kusurwa kuma an ajiye bokiti yana tarar ruwan da ke ɗiga daga rufi. Shugaban kulob, Mushe Rene (mushe a bakin Faransawa kamar a ce Malam ne), tsoho ne gajere mai faɗin ƙirji, kunnuwansa sun murɗe kamar ƙosai saboda shekarun da ya yi ana murza shi a fili. Shi ya fara magana, ba takarda a hannunsa.

"Hunturu uku ke nan yaranmu na wanka da ruwan sanyi," in ji shi. "Fitilun fili rabinsu sun mutu. Mu muka riƙe wasan nan lokacin da ba mai son jin sunansa. Yanzu kun zo daga Paris da takalma masu ƙyalli ku ce mana za ku kai shi inda ba a taɓa tambayarku ba. To, muna saurare."

Aka yi masa tafi har da buga tebur. Wakilin manya, wani saurayi mai gilashi, ya yi ta haɗiyar yawu. Sai Madam ta taɓa ni. Aka maƙala mini ƙaramin makirfo a wuyan riga, na tashi, na danna maɓalli, hotona ya cika bango.

Wata tsohuwa a gaba ta dafe ƙirji. Wani ya saki wani dogon fito.

Ni kuwa, sakarai, na ɗauka burge su na yi. Sai na ƙara wuta. Na ce Afirka na jiran wannan wasa kamar yadda manomi ke jiran ruwan farko. Na ce a garinmu Maradi yara da ƙwallon ragbi suke kwana. Na nuna ƙaton da ke sama na ce, "Kun ga wannan? Ni ma matsayina ke nan lokacin da nake kaftin. Da yake ba ni da nauyi, ni ake ɗagawa."

Mushe Rene ya miƙe a hankali, yana dafa gwiwa.

"Yaro," ya ce, "a wasanmu ba a ɗaga kowa. Wannan hoton na mutanen da suka sa aka rufe wa babana fili ne. Ka shigo gidanmu ka manna mana su a bango?"

Nan take gumi ya keto mini ta ko'ina. Mai hankali a nan zai ba da haƙuri ya zauna. Ni sai na ce, "E to, Mushe, ai mu a Maradi namu salon daban ne, haɗawa muke yi." Tunanina a lokacin (Allah Ya yafe mini) shi ne wa ya san Maradi a nan? In na ce da raƙuma muke bugawa ma sai su rubuta.

Sai na ji wata murya daga can bayan ɗaki, cikin Hausa tsantsa, irin ta gida:

"Salamu alaikum. Ɗan Maradi, ina wuni?"

Na ɗaga ido. Wani dattijo baƙi, da furfura a gemu, da hular sanyi mai launin kulob, yana riƙe da kwandon rigunan wasa. Daga baya na san sunansa Malam Lawali, direban bas ne da ya yi ritaya, ya fi shekara talatin a Lyon, 'ya'yansa duka a kulob ɗin suka yi wasa, shi kuma yake wanke musu riguna don Allah. A lokacin dai abin da na sani kawai shi ne babba ya gaishe ni.

To, ku faɗa mini, ɗan Hausa da aka yi wa tarbiyya zai amsa gaisuwar dattijo a tsaye ƙiƙam, hannu a aljihu? Ban ma yi shawara da gwiwoyina ba. Kawai na ga na rusuna a gaban allo, wandon Aubervilliers yana kukan neman agaji.

"Amin alaikumus salam. Ina wuni, Baba?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya sanyi? Ya baƙunta? Ya mutan gida?"

"Lafiya lau, Baba, alhamdu lillahi."

Duk wannan fa makirfo na wuyana, lasifika na watsa shi ɗakin, Turawa na juya kai daga ni zuwa shi. Na yi fatan a tsaya a nan. Ina! Dattijon Maradi ya ga ɗan gida a ƙasar wasu, ai sai ya kai ƙarshen layi.

"Wace unguwa?"

"Bagalam, Baba."

"Ɗan wa?"

Na faɗi sunan babana da sana'arsa, muryata kamar ta sauro.

"Af! Mai gyaran rediyo? Ai duk zuwana gida a shagonsa nake shan shayi! Tsaya, tsaya. Kai ne autan nan da uwarka ta je har lakwal ta roƙi mushe, malaminku, ya cire ka daga wasan guje-guje, wai kana haki?"

"Ni ne, Baba."

"Allah Sarki. Ka girma."

Mushe Rene ya gaji da jira. Ya ce da Faransanci, "Lawali, me yake cewa? Da gaske akwai ragbi a garinku?"

Na dubi Malam Lawali da idon roƙo. Wallahi na ga tausayi a fuskarsa, na kuma ga ba zai yi ƙarya saboda ni ba. Ya ajiye kwandonsa, ya gyara murya.

"Akwai kokowa," in ji shi. "Akwai ƙwallon ƙafa. Akwai langa. Ragbi dai ban taɓa gani ba." Sannan ya ƙara da abin da yake ganin taimako ne: "Amma yaron ɗan mutanen kirki ne."

Dariyar da ta fashe a ɗakin nan, har yau in na tuna sai na rufe fuska ko ni kaɗai ne. Tsohuwar gaba tana share hawaye. Saurayi mai gilashi, wanda muke ɓangare ɗaya da shi, ya kifa kai a tebur kafaɗunsa na rawa. Madam Silvi kaɗai ba ta yi dariya ba, ta zuba mini ido, na ga katina yana ƙonewa a cikin idanunta. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar Lyon siminti ce.

Na miƙe na ce, "Ku yi haƙuri. Ban taɓa riƙe ƙwallon ragbi ba a rayuwata."

"To riƙe," in ji Mushe Rene, ya ɗauko ɗaya daga kan kanta ya wurgo mini. Ta doki ƙirjina ta faɗi. Ƙwallon nan ba ta da mutunci, doguwa ce kamar gwanda, in ta faɗi ba ta san hanya ɗaya ba. Na bi ta dama ta yi hagu, na bi ta hagu ta shige ƙarƙashin kujeru, na bi ta da rarrafe cikin kwat. A nan wandon ya cika alkawarinsa.

Sauran taron a bayan ɗaki na yi shi, zaune kusa da kwandon wanki, da rigar wasa ɗaure a ƙugu. Abin mamaki, mutanen da suka shigo kamar za su cinye juna sai ga su suna magana, kowa na share hawayen dariya. Mai gilashi ya amsa cewa bai taɓa leƙa ɗakin wankan kowane kulob ba. Aka kai shi ya gani, ya sa hannu a ruwan ya janye da sauri. Kafin la'asar sun daidaita: a fara da ruwan zafi da fitilu na tsofaffin kulob, maganar Afirka kuma a tafi da ita a hankali, a fara tambayar mutanen can ko suna so.

Malam Lawali ya miƙo mini kofi ya ce, "Ɗana, me ya kai ka?"

"Takardar zama, Baba."

Ya jinjina kai. "Na sani. Ba kai ka fara ba. Amma ka bar garinmu a inda ka same shi."

Awa biyu muka yi a jirgin ƙasa muka koma Paris. Ran Lahadi na fito da akwatina na goge masa ƙura. Ran Litinin ta kira ni ofishinta, na shiga. Takarda na kan tebur.

"Ka yi mini ƙarya," in ji ta. "Ka kunyata buron nan. Amma manyan sun kira ni da safe. Sun ce shekaru ke nan ba a taɓa fita daga irin wannan taro ba tare da an zagi uban wani ba, sai wannan karon. Wai ka haɗa kansu." Ta turo mini biro. "Sa hannu, Kaftin. In ka ƙara, da kaina zan kai ka filin jirgi."

Na sa hannu. Na yi shekara biyar ina karatu don a ɗauke ni aiki saboda ilimina, ƙarshenta wautata ce ta samo mini katin zama. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, har na shiga banɗaki na yi ɗan kuka.

Ina fitowa wayata ta yi ƙara. Inna ce daga Maradi. Ashe Malam Lawali ya aika wa babana saƙon murya na minti tara, an kuma saurare shi a shago gaban jama'a. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Auta," ta ce, "ashe ɗaga ka ake yi sama, mu ba mu da labari? Su wa ke ɗaga ka? Ka faɗa mini sunayensu in je in yi wa iyayensu godiya."

Na ji babana a bayanta yana tari saboda dariya.

Tun daga ranar, in Bature ya tambaye ni ko na san abu, sai in ce masa zan bincika. In kuma shaiɗan ya raya mini in yi wa garinmu ƙari a gaban baƙi, sai na fara leƙa layin baya na ɗakin, kujera bayan kujera. Duk inda ka je a duniyar nan, akwai wani dattijo a zaune can da ya san babanka.