Makunnin Ɓoye a Motar Ƙanƙara

"Ya iyalin? Har yanzu baiwar Allahn nan tana haƙuri da kai?"

"Tana nan lafiya. Ta ce in duba ko wuta ta ja ka, dangi su huta."

Juman ko kashe mota bai yi ba ya ba da wannan amsa. Ya tsayar da a-kori-kurarsa a gaban rumfar Wasayo mai wayarin mota, a gefen titin Korangi a birnin Karachi, bayanta maƙare da ƙanƙara an lulluɓe da buhuna. Masunta na jiransa a bakin teku kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Uwar Juman da uban Wasayo ciki ɗaya suka fito, shi ya sa tun suna yara ba wanda ya taɓa gaya wa ɗan'uwansa magana mai daɗi, ga shi yanzu dukansu sun yi furfura.

Ba banza ta kawo shi ba. Juma'ar da ta wuce aka ɗauke motar maƙwabcinsa Punhal a ƙofar masallaci kafin liman ya sallame, tun ranar kuwa Punhal yake zaune a ƙofar gida da makulli a aljihu. Juman kuma mutum bakwai ne suke ci daga wannan motar.

"Makunnin ɓoye za ka sa mini, ɗan kawu. Irin wanda in ɓarawo ya murza makulli mota ta ƙi tashi."

Wasayo ya zagaya motar a hankali, ya taɓa ƙofar da aka ɗaure da igiya, ya goge yatsansa a riga.

"Ai tana da shi tuntuni. Yaushe rabonta da tashi ba turi?"

"Yau da safe ma bugu ɗaya ta tashi."

"A gangare ka kwanar da ita. Ɗan gwaggo, ɓarawon da ya saci wannan, kafin la'asar zai dawo maka da ita, ya zauna ya yi maka jaje."

"Ji mai magana. Ba kai aka bai wa gyaran motar amarya ba, duk sanda direba ya taka birki sai hon ya kama kuka? Daga Landhi har Malir. Dangin ango har yau nemanka suke."

"Sun isa da wuri. Kowa ya kauce musu."

"Sa mini shi a ƙarƙashin sitiyari, sauri nake."

"Nan ɓarawo yake fara kai hannu."

"To ƙarƙashin kujera."

"Wace kujerar? Katakon nan da ka ɗora wa matashin kai?" Wasayo ya ɗauko filaya da guntun waya. "Tsallaka ka sha shayi, ka ba ni baya. In ka dawo ka neme shi da kanka. In ka same shi, ɓarawo ma zai samu, don bambancinku ɗaya ne, shi yana da hankali."

Juman ya tsallaka wurin mai shayi, ya zauna a karkace yana satar kallo. Ba abin da yake gani sai ƙafafun Wasayo sun leƙo daga ƙofar direba, sai kuma ruwan da ke ɗiga daga bayan motar. Kowane ɗigo yana jin sa har cikin ransa. Bayan minti ashirin Wasayo ya fito, ya jefa masa makulli.

Juman ya shiga ya murza. Fitilun gaban direba suka kawo, inji ya yi shiru kamar ba shi.

"Ka kashe min ita."

"Da ƙyar take numfashi aka kawo ta. Nemi abinka."

Juman ya laluba ƙarƙashin sitiyari, ya cire matashin, ya zazzage akwatin takardu, ya tura hannu bayan rediyon da ya mutu tun shekara shida. Gumi ya jiƙa masa riga. Wasayo ya jawo benci ya zauna a inuwa.

"Duba aljihunka, ko can na sa."

"Da uwata ta san abin da ƙaninta zai haifa, da ta hana shi aure."

"Da babana ya san abin da yayarsa za ta haifa, da ya bar garin. Kai, kare ma ya zo shan jarinka."

Gaskiya ne, wani jan kare ya kwanta a ƙarƙashin motar yana lasar ruwa. Wayar Juman ta yi ƙara, shugaban masuntan ne. Juman ya ce masa yana hanya, cunkoso ne ya tare shi. Ya kashe wayar, ya zauna riƙe da sitiyari, bai dubi kowa ba.

"Wasayo, in kifin mutanen nan ya lalace, gobe wani za su kira."

Wasayo ya dube shi, ya tashi daga bencin, ya zo ya jingina da taga.

"Ka yarda ba ka same shi ba?"

"Ban same shi ba."

"Ka yarda ɗan kawu ya fi ka?"

"Wajen mugunta, ba wanda ya taɓa musu."

"Na karɓa. To kunna tirafiketar hagu, sannan ka murza."

Juman ya tsaya yana duban gefen sitiyari.

"Wanne ne shi a ciki?"

"Ka gani? Shekara goma sha ɗaya kana tuƙa motar nan. Da na taɓa sandar sai da gizo-gizo ya fito da iyalinsa. Ba wani sabon makunni da na sa, wayar kik mai tayar da inji na bi da ita ta nan. In ba a kunna ta ba, ko sati za a yi ana murzawa ba za ta tashi ba. Gaya min, a duk Karachi wane direba ne yake taɓa tirafiketa, balle ɓarawo mai sauri?"

Juman ya tura sandar ƙasa. Wata 'yar fitila ta fara ƙyaftawa, tik, tik. Ya murza, inji ya yi tari sau biyu ya kama. Karen ya fito da gudu.

Juman ya so ya daure, amma dariya ta ƙwace masa har ya kifa goshi a sitiyari. Ya sauko, ya ɗaga buhu, ya zaɓi bulon ƙanƙara mafi girma ya dire shi a kan bencin Wasayo.

"Ungo. Ka ɗora a kanka, ko ƙwaƙwalwar ta daɗe ba ta ruɓe ba."

"Rabi ya narke."

"Kai ka narkar da shi."

Ya ja motar ya hau titi. Wasayo ya tsaya rungume da ƙanƙara yana kallonsa, har ya kai mahaɗa ya karya dama, fitilar hagu tana ta ƙyaftawa.