Likitan da Na Kawo wa Surukina a Arfa

Ba zan taɓa mantawa da ranar Arfa ta shekarar da nake neman auren Hafsa ba. Ko da na so in manta, dangin matata ba za su bari ba.

Ni haifaffen Makka ne, a Shisha na tashi. Kakana ne ya zo aikin Hajji daga Kano ya zauna. Tun ina yaro abu ɗaya nake tinƙaho da shi: ba na manta fuska. Suna kam yakan ɓace mini, amma fuska in na gan ta sau ɗaya ta zauna ke nan. (Ku riƙe wannan alfaharin nawa, shi ne ya kai ni ya baro.)

Mahaifin Hafsa, Alhaji Bala, yana da kwangilar dafa wa alhazai abinci a tantuna. Mutum ne marar son hayaniya, kuma bai ɓoye ra'ayinsa a kaina ba. Da manyana suka je neman aure, cewa ya yi, "Yaron ba shi da mugun hali, sai dai bakinsa yana riga hankalinsa. Ku ba ni shi aikin Hajjin bana in gani." Kowa ya gane nufinsa. In na nuna natsuwa, Hafsa tawa ce. In na yi shirme, sai wani.

Haka na sami kaina a Arfa ina jigilar farantan abinci daga wurin girki zuwa tantuna, ina tafiya a hankali kamar mutumin kirki. Da hantsi na kai abinci tantin alhazan Amurka, sai na hangi wani dattijo baƙi, dogo, mai furfura da tabarau, cikin haraminsa. Take zuciyata ta ce na san wannan. Na ɗan rufe ido, sai ga shi na gan shi da farar rigar likitoci, abin sauraren ƙirji rataye a wuyansa. A ina? A asibitin unguwarmu, inda nake kai Innata awon hawan jini. Babu ko tantama.

A wurinmu abin kunya ne ka wuce wanda ka sani ba ka gaishe shi ba. Na ajiye farantin na russuna.

"Doktor, barka da Arfa. Inna tana gaishe ka."

Ya yi murmushi, ya dafa ƙirji, ya ce, "Alhamdulillah." Na ce a raina, ka gani, ya gane ni. Da na koma wurin girki sai da na tabbatar kowa ya ji cewa babban likitan Innarmu yana tantin can, kuma mun saba sosai. Alhaji Bala ya dube ni ya ce, "To." Bai ƙara komai ba.

Bayan azahar rana ta take, ga zafin wutar tukwane. Alhaji yana tsaye a kan tukunyar shinkafa yana duba gishiri, sai muka ga ya yi tangal-tangal, ya zauna a ƙasa, daga nan ya kwanta. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, idonsa a rufe. Malam Isa, babban mai girkinmu, mutumin Maraɗi, ya ciro waya zai kira motar asibiti.

"Bari, Malam Isa," na ce masa. "Ga likita a kusa, wa zai tsaya jiran mota?"

(Allah ya sa bai saurare ni ba.)

Na zuba a guje. Na tarar da dattijon ya ɗaga hannuwa yana addu'a, hawaye a fuskarsa. Ranar Arfa fa, mutum yana ganawa da Ubangijinsa. Na damƙi hannunsa na ce, "Doktor, yalla, yalla, zo mu je!" Na jawo shi yana riƙe haraminsa da ɗaya hannun kada ya zame. Tafintansu, wani ɗan Sudan, ya biyo mu yana tambayar lafiya.

Da muka iso na buɗe murya na ce, "Ku ba likita wuri." Aka dare. Dattijon ya durƙusa, ya kama wuyan hannun Alhaji, ya tsuke fuska daidai yadda na san yana yi. Kaina ya fasu. Har na fara tunanin irin kayan da zan sa ranar ɗaurin aure. Sai ya saki hannun, ya juya ya yi wa tafinta magana da Turanci cikin sauri.

"Ya ce shi ba likita ba ne," in ji tafinta.

"Ka ce masa ya bar tawali'u, ba lokacinsa ba ne. A asibitin Shisha na san shi."

"Bai taɓa taka ƙasar nan ba sai makon jiya. Ɗan fim ne. A talabijin yake fitowa a likita. Ya ce hannun ma sabo ne ya sa ya kama, ku kira likitan gaske."

Nan take komai ya dawo mini. A asibiti na san shi, gaskiya ne. A ɗakin jira, a cikin talabijin ɗin da ke maƙale a bango, wadda nake kallo duk ranar da Inna take layi. Ma'aikatan da na cika wa baki da safe duk suna tsaye suna kallona. Wallahi na so in shige tukunyar shinkafar nan a rufe ni da murfi.

Shi kuwa bawan Allah bai tashi ba. Ya jiƙa tawul ya ɗora wa Alhaji a wuya, ya ɗauki murfin kwali yana yi masa fifita har motar da Malam Isa ya kira ta iso. Ma'aikatan asibitin suka ce zafi ne ya bugi Alhaji, suka yi masa ƙarin ruwa a nan inuwar tanti.

Muna zaune muna jira, na ba dattijon haƙuri ta bakin tafinta, kaina a ƙasa. Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina. Tun kafin a haife ni yake fim, kuma bai taɓa zama jarumin da ake sa hotonsa a talla ba. Ya fito a alƙali, ya fito a ɗan sanda, mai gadi, maƙwabcin da ke leƙowa ta taga, uban da ke mutuwa tun farkon labari. Kowa ya san fuskarsa, ba wanda ya san sunansa. A ƙasarsu ma ana tare shi a kasuwa, wani ya rantse shi ne malaminsa na makaranta, wata ta ce ai sun yi maƙwabtaka. "Amma ba a taɓa jawo ni kan marar lafiya ba sai yau," in ji shi. Ya faɗa mini sunansa. Kafin magariba na manta.

Ashe Alhaji duk yana ji. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Kai, ɗan nan."

"Na'am, Baba."

"Da lauya nake nema, wace tasha za ka kamo mini?"

Daga ranar na fid da rai da Hafsa. Na bar bin layinsu, ko kiranta na kasa yi don kunya. Sai bayan Sallah da 'yan makonni Alhaji ya aika wa manyana. Ya ce ya ga aikina. Hankali dai da sauransa, amma da ya faɗi, ni kaɗai ya ji na yi gudu saboda shi, ko da gudun banza ne. Ya ba ni auren bisa sharaɗi ɗaya, kuma a gaban mutane ya faɗa: "Ranar da 'yata ta kwanta ciwo, ka kai ta asibiti. Kada ka kunna mata talabijin."

Yau shekaru sun ja, amma in muka je gidansu, ƙannen Hafsa da sun ga dattijon nan a fim sai su kira ni, wai ga likitana in zo in gaishe shi. Har gobe ba na manta fuska, wannan ban daina ba. Abin da na koya shi ne, kafin in ce na san mutum, sai na tsaya na tambayi kaina ko shi ma ya taɓa ganina.