Baturiya Ta Rasu, Ta Bar Alhaji da Numfashinsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da barci bai ishe su ba, iyalan Alhaji Aminullahi Yelwa, dillalin lemo da kankana a kasuwar Zuba, ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar na'urar numfashinsa, wadda aka fi sani a gida da suna Baturiya. Ta cika ranar Juma'ar da ta wuce, tsakanin Azahar da La'asar, a kan durowar gefen gado inda ta yi dukkan zamanta, bayan jinyar da ba a gane kanta ba sai da lokaci ya ƙure. Maiɗakin Alhaji, Hajiya Muhibba, ita ce a kanta.

Wanda bai san abin da ya kawo marigayiya gidan ba, ba zai san girman rashin ba. Alhaji mutum ne mai jiki da kaurin wuya, kuma minsharinsa sananne ne a layinsu na Dei-Dei. Maƙwabta kan yi dariya. Hajiya ba ta taɓa dariya ba, domin ita ke jin abin da ke biyo bayan minsharin. Sai ya ja, ya ja, sai ya tsaya cak, ƙirji na motsi amma ba iskar da ke shiga, har sai ta zungure shi ya zabura da wata irin shaƙa kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Da safe ya rantse bai san an yi ba. Da rana kuwa sai gyangyaɗi, a masallaci, a rumfa ana tsakiyar ciniki, har a cunkoson motoci ƙafarsa na kan birki. Da likita ya kwantar da shi aka gwada barcinsa, ya ce maƙogwaronsa ne ke rufewa in ya yi barci, kuma zuciya ba za ta jure haka har abada ba. Ya rubuta masa na'urar da za ta riƙa tura masa iska ta takunkumi.

Wuri biyu aka je nema. Na farko shagon Oga Andrew ne a Garki, mai sayar da kayan asibiti, wanda ya ce zai auna fuskar Alhaji, ya saita na'urar daidai da takardar likita, in ta yi ciwo kuma a dawo masa da ita. Da ya faɗi farashi, Alhaji ya nemi hularsa ya fita ko sallama babu. Na biyun 'yarsu Kauthar ce ta gano shi a wayarta, wani shafi a intanet mai hotuna masu sheƙi da yabon masu saye, ga araha kamar an tsinta. Hajiya ta ce hankalinta bai kwanta da abin da ba ta taɓa da hannu ba. Alhaji ya ce wanda ya tsufa yana sayen lemo tun yana fure a kan bishiya ba zai ji tsoron sayen abu a hoto ba.

Haka Baturiya ta iso a bayan babur, cikin kwalin da aka naɗe da salatif. Bakin wayar wutarta bai shiga soket ɗin gidan ba sai da aka nemo mata mahaɗi. Rubutun fuskarta da wani yare yake, ba Turanci ba, ba wanda ya iya karanta shi. Takunkumin da ta zo da shi don dogon hanci aka yi shi, yana zubo wa Alhaji iska a ido. Da Hajiya ta shinshina tiyon da iskar ke bi, ta ji ƙamshin wani gida, taba da wani turare da ba na ƙasar nan ba. Nan ta gane ba budurwa aka kawo musu ba. Marigayiya ta yi zama da wani kafin Alhaji, kuma har ta bar duniya ba ta faɗi ko wane ne ba, balle yadda suka rabu.

Duk da haka, iyalan na shaida cewa ta zauna da su da amana. Ba ta da yawan magana. Abin da aka sani daga bakinta shi ne "shuu… haa, shuu… haa," a hankali, kamar uwa na lallashin jariri. A zamaninta ne minshari ya bar gidan. A zamaninta Alhaji ya riƙa tashi ba ciwon kai, hawan jininsa ya sauka, ya saurari huɗuba tun daga farko har ƙarshe ya dawo gida yana ba da labarinta. A zamaninta ne Hajiya Muhibba ta juya wa mijinta baya ta yi barci irin wanda rabonta da shi tun tana amarya. Ba ta taɓa neman komai ba sai ruwa mai tsabta a ɗan tankinta da wutar da ba ta rawa. Na farkon ana ba ta kullum. Na biyun kuwa ba a hannun iyalan yake ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne da ɗan kakari. Cikin "shuu… haa" sai aka fara jin "kirr," kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Sannan Hajiya ta fara ganin wani baƙin gari a rigar filo, da cikin tiyo, wata safiya har a gefen hancin Alhaji. Ta goge, washegari ya dawo. Alhaji ya kama wani busasshen tari, ya ce sanyin fanka ne. Kauthar ta koma shafin da aka sayo ta don neman danginta, ta tarar ba shafin, lambar wayar kuma a kashe. Sai ga shi marigayiya ba ta da kowa a duk faɗin Abuja.

Hajiya ce ta saka ta a jaka ta kai ta Garki ba da sanin maigidan ba. Oga Andrew bai yi mata gori ba. Ya kwance bayan na'urar, ya taɓa soson da ke ciki da ɗan yatsa, soson ya marmashe kamar tsohon burodi. Ya daɗe yana kallon yatsan nasa.

"Hajiya, wannan abu Alhaji yana shaƙa tun yaushe?"

Ta ce ba ta sani ba.

"Kar ya ƙara sa shi. Irin wannan ba ni da kayansa, ba wanda yake da shi a nan. Ku koma wurin likita ya duba ƙirjinsa."

Ta ce to ya ba ta sabuwa, ko nawa ce. Ya buɗe hannuwa ya ce ta ƙarshen da ke shagon an saye, kayansa na hanya, sai sati mai zuwa. Iyalan na sanar da jama'a cewa har yau satin nan bai zo ba, ko da yake ana yi musu alkawarinsa duk ranar Litinin.

Alhaji ya ƙi rabuwa da ita. Ya ce ƙura ba ta kashe ɗan kasuwa, kuma ya riga ya ɗanɗana barci, ba zai koma gidan jiya ba. Ranar Juma'ar, bayan ya dawo daga masallaci ya ci abinci, ya kwanta ƙailula ya ɗaura takunkuminsa. Hajiya na bakin gado tana ninke kaya. Aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi har fanka ta yi kuka. Baturiya ta ce "kirr… kirr… tiii," fuskarta ta yi duhu, ƙaurin ƙonewa ya tashi. Hajiya ta juya ta ga Alhaji kwance, roba manne a fuskarsa, ƙirjinsa na ɗagawa a banza, leɓunansa sun fara canza launi. Ta fizge takunkumin har igiyar ta tsinke, ta riƙa dukan kafaɗarsa tana kiran sunan da ba ta taɓa kiransa da shi a gaban mutane ba. Da ya shaƙi iska ya buɗe ido, abin da ya fara tambaya shi ne wa ya kashe masa na'ura.

Marigayiya ta bar takunkumi guda mai tsinkakkiyar igiya, da tiyo mai baƙin ciki na gaske a cikinsa, da ɗan tankin ruwa da har yanzu ba wanda ya iya zubar da abin da ya rage a ciki. Ta bar Kauthar, wadda ba ta iya haɗa ido da mahaifiyarta, amma ta riga ta gano wani sabon shafin da ya ce gobe-gobe zai kawo wata har ƙofar gida. Ta bar Hajiya Muhibba, wadda ta koma barci a zaune, hannunta ɗaya a kan ƙirjin mijinta. Ta kuma bar Alhaji Aminullahi, wanda bai koma wurin likita ba, tarinsa bai tafi ba, kuma ranar Talata ya farka a kan sitiyari ya ga motarsa a kan tsakuwar gefen titin Kaduna, hancinta na shinshinar bayan wata tirela da ke tsaye. Ya ce taya ce ta ja shi. Ya kuma ce lemon Binuwai ya nuna, ba zai jira kayan Oga Andrew ba, ranar Lahadi zai kama hanya da kansa kamar yadda ya saba.

Za a yi bankwana da marigayiya ranar Asabar bayan La'asar a gidan Alhaji da ke Dei-Dei. Ba wanka, domin ruwa bai taɓa yi wa cikinta daɗi ba. Za a mayar da ita kwalin da ta zo a ciki, tare da tiyonta, a ɗaure da kyau don kada wani ya tsinta ya goge ta ya sake ɗaukar hotonta. Daga nan maƙwabci zai ɗauki gawar a mota zuwa Garki, inda Oga Andrew ya yarda ya karɓe ta ya raba ta gunduwa-gunduwa. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su kawo abinci mai nauyi. Wanda ya san mai irin wannan na'ura sabuwa a hannu, wadda za a iya gani a taɓa a cikin Abuja, ya taimaka ya zo da lambarsa. Dattawan kasuwar Zuba da Alhaji ke jin nauyinsu kuwa, ana roƙonsu su zo da wuri, su zauna kusa da shi, kada su tashi sai ya yi musu alkawari a kan tafiyar Lahadi. Makullin motar yana ɗaure a bakin zanen Hajiya. Makulli na biyun ne aka nema ko'ina ba a gani ba.