Takardar da Walida Take Kai wa Hedimasta

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na zube gwiwa biyu a ofishin hedimasta ba, ina ba da haƙuri a kan laifin da babu wanda ya ce an yi. Har yau idan hanya ta biyo da ni ta ƙofar makarantar nan ta Takur, sai in sunkuyar da kai in ƙara sauri.

Ni tela ne, karatuna a firamare ya tsaya. Kuma ni mutum ne mai yawan damuwa, wannan ba na musu. Idan na ɗinka riga na ba mai ita, sai in wuni ina tunanin ko hannun hagu ya fi na dama tsawo. (Na taɓa bin wani har gida da abin awo, ya ɗauka rasuwa aka yi.)

'Yata Walida shekararta bakwai. Yarinya ce mai kirki, amma ba ta iya zama waje ɗaya ba. Kana mata magana tana kallon ƙadangare, ka aike ta sayen gishiri ta dawo maka da labarin akuyar maƙwabta. Makarantar da muka fara sa ta, bayan zango biyu suka kira ni suka ce in nema mata wani wajen, wai tana hana sauran yara karatu. A sabuwar makarantar ne muka dace da Malama Rabi, wadda ta yi kwas a kan koyar da yara irin Walida, waɗanda hankalinsu ba ya tsayawa a kan abu ɗaya, ko karatu yake yi musu nauyi. Ta zaunar da ita a bencin gaba, tana koya mata lissafi da marafan kwalba, tana gutsura mata aiki kaɗan-kaɗan. Cikin 'yan watanni Walida ta tsaya a ƙofar shagona ta karanta sunana da ke rubuce a bango. Sai da na juya baya na share hawaye. Tun daga ranar babu abin da nake tsoro kamar a ce an sake korar ta.

Wata rana muna cin tuwo sai ta ce, "Baba, ni ce mai kai takarda yanzu."

"Wace takarda?"

"Ta Hedimasta. Kullum ƙarfe goma Malama tana ba ni a ambulan in kai masa."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na ce, "Me aka rubuta a ciki?"

"Oho, a rufe take."

"Shi kuma me yake cewa?"

"Buɗewa yake yi, ya kalle ni, ya ce to, ya gani."

Bari in yi muku bayani. A firamaren da na yi a Buji, idan malami ya ba ka takarda ka kai wa hedimasta, to bulalarka ce ka ɗauka da hannunka. Idan aka yi sau uku, sai a ce ka zo da mahaifinka. Walida kuwa ta ce sati uku ke nan tana kaiwa. Na ce shi ke nan, tara laifukan suke yi, ranar da suka cika za su kira ni.

Matata ta ce, "Baban Walida, ba kana da lambar Malamar ba? Ka kira ta ka tambaya mana."

Na ce, "Haba, Maman Walida! Magana ta kai ofishin hedimasta har sati uku, sai kawai in ɗaga waya kamar mai tambayar hanya? Wannan ta manya ce."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta ci gaba da tankaɗenta.

Na kira Baffa Sule, ƙanin mahaifina, wanda shi yake shiga gaba a duk wata babbar magana ta gidanmu. Lokacin yankan riɗi ne, amma bawan Allah ya bar gona ya shigo motar farko daga Buji, riƙe da zabi biyu, don ya ce ba a zuwa ban haƙuri hannu rabbana. Muka hau adaidaita, ni da shi da zabin. A hanya ina ta bitar abin da zan faɗa.

Hedimasta dattijo ne mai tabarau. Ya ba mu kujeru, aka gaisa, Baffa ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, a kan yarinyar nan Walida muka zo. Mun san ta yi laifi. A dubi Allah a rufa mana asiri."

Hedimasta ya ce, "Walida? Me ta yi?"

Da ina da hankali, a nan ya kamata in tsaya. Amma sai na ce a raina irin ta manya ce, so yake mu faɗa da bakinmu ya ga ko da gaske muka yi nadama. Na sauko daga kujera na durƙusa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba za mu ɓoye komai ba. Ita ce ta bar famfo a buɗe ranar Alhamis har tanki ya ƙare. Ita ce kuma ta ɓoye ƙarfen buga ƙararrawa a bayan aji, amma wallahi mantawa ta yi inda ta ajiye."

(Duk waɗannan ita da kanta ta faɗa min, bayan na yi mata alkawarin ba wanda zai ji.)

Hedimasta ya cire tabarau ya ce, "Au! Ita ce ta bar famfon? Mu da muka yi ta yi wa maigadi faɗa?"

Baffa ya zungure ni da ƙafa. Na ɗauka nufinsa in ƙara. Na ƙara da maganar kwaɗon da aka samu a gwangwanin alli.

Ina cikin haka aka yi sallama. Ƙarfe goma ta yi. Sai ga Walida da ambulan a hannu, tana tafe tana tsalle. Ta ja ta tsaya.

"Laa, Baba! Me kake nema a ƙasa?"

Na nuna ambulan ɗin na ce, "Ranka ya daɗe, ga ta nan. Wannan ce ta yau. Don Allah kada a haɗa ta da sauran."

Hedimasta ya kalle ni, ya kalli ambulan, sai na ga kafaɗunsa sun fara motsi. Ya miƙo min ya ce in buɗe da kaina. Takardar ciki duk ta tsufa, ta sha ninki har ta kusa rabewa. Ni kuma ban iya karatu a zuci ba, sai na ɗaga murya ina bi a hankali:

"Ranka ya daɗe, a riƙe ta minti biyu, a gode mata, a dawo da ita."

Na juya bayan takardar. Babu komai. Daidai lokacin zabin Baffa suka ɓarke da kuka.

Aka kira Malama Rabi. Da ta ji abin da ya faru sai da ta rufe baki da mayafi. Ta ce, "Baban Walida, ai ba ƙara ba ce. Yaro irin Walida idan ya daɗe a zaune, jikinsa ne yake neman motsi, ko ka yi masa tsawa ba zai ji karatu ba. Idan na ce ta fita ta zaga, sauran yara za su ce korar ta na yi. Shi ya sa nake ba ta aike. Ta je, ta dawo, sai ka ga ta zauna ta ƙarasa aikinta. Takarda ɗaya ce tun farkon zango."

Walida ta ce, "Au, dama ba komai nake kaiwa ba?"

Na dubi Malama. Ashe bayan tona asirin 'yata, na haɗa da na Malama.

Ina nan a durƙushe (na rasa yadda ake tashi a irin wannan hali) na ce, "Ranka ya daɗe, to maganar famfo fa? Za a kore ta?"

Ya ce, "Walida tana nan daram, Malam. Kai ne dai za ka biya ta bakin ƙofa ka ba maigadi haƙuri, tunda ka zo da shiri."

Malama kuwa ta dafa kan yarinyar ta ce, "Walida, an ƙara miki girma. Daga gobe ƙarfe goma ke ce mai zagawa ki duba ko an rufe famfo."

Maigadi ya karɓi haƙuri, ya karɓi zabi. Na raka Baffa tasha. Sai da ya sa ƙafa ɗaya a mota ya waiwayo ya ce, "Riɗina yana can yana zuba, kai kana nan kana kai ƙarar 'yarka. Na zungure ka ka yi shiru, ka ɗauko kwaɗo."

Wanda ya fi min ciwo shi ne na gida. Kwana tara Walida ba ta ba ni labari ko ɗaya ba. Idan na tambaye ta me aka yi a makaranta sai ta ce, "Karatu." Na ji ta tana gaya wa babarta wai Baba ba ya riƙe magana, babarta kuma, maimakon ta kare ni, ta ce, "Ai kin gani da idonki."

Damuwa dai ban daina ba, kuma ba na jin zan daina. Abin da na koya shi ne, kafin in durƙusa in fara tambaya me aka yi. Idan kuma babba ya ce min "Me ta yi?", to yanzu na san wani lokacin tambaya ce kawai.