Ranar da Na Kwashe Agushin Surukata

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta watan Fabrairu a unguwar Bukan Sidi ba. Lokacin ina tsaron shagon kayan wuta a Lafiya, ina kuma neman auren Rahila. Matsalata ɗaya ce, wato babanta, tsohon hedimasta, wanda ko sunana bai taɓa kira ba. "Mai kaset ɗin nan" yake ce mini, kuma sau biyu yana ɗaga zuwan iyayena daga Assakio.

Sai yayan Rahila ya aiko musu da na'urar dibidi daga Abuja, irin mai sifika biyar da wata ƙatuwa ta ƙasa mai rugugi. Sati biyu tana cikin kwali, an rasa mai haɗawa. Da Rahila ta gaya mini na ce to, ga ranar da Baba zai san ni injiniya ne (injiniyan da bai wuce canza batirin rimot ba).

Na sha farar riga da takalmi sau-ciki, na ɗauko sabon faifai daga shago. Tarin bidiyon waƙoƙin wani mawaƙi ne da aka sake haɗa sautinsu, ta yadda ganga za ta fito ta gaba, amshi ta gefe, sauran ƙararraki ta bayanka. Ni dai a ƙaramar talabijin ɗin shago na taɓa kallonsa, cikin hayaniyar kasuwa, amma wa zai sani?

Da shigata na tarar Mama, mahaifiyar Rahila, ta shanya agushi a tsakar gida, tabarma biyu. Na gaishe ta na wuce falo. Na jera sifika uku a gaba, biyu na rataye su jikin taga a bayan kujeru. Sannan na tsaya gaban Baba da Mama da Rahila na yi lacca.

"Baba, wannan sautin kewaye mutum yake yi. Wanda bai saba ba yana iya firgita, saboda haka kowa ya natsu."

Baba ya dube ni ta saman tabarau. "To, mun ji."

Waƙa ta farko lafiya, ta biyu lafiya, har Mama tana kaɗa ƙafa. Na harɗe ina jin kaina. Ana shiga ta uku sai na ji tsawa ta fashe a bayana, ta wajen taga, ga iska, ga yayyafi yana dukan kwano.

Ku fahimce ni, a gidan manomi na tashi. A gidanmu idan aka yi tsawa akwai shanya a waje, ba a tunani, gudu ake yi, wanda ya tsaya tambaya kuwa jikinsa zai gaya masa. Ban san lokacin da na tsallake teburin Baba ba. Sai jin kaina na yi a tsakar gida ina ihun "Rahila, kawo buhu, ruwa ya sauko." Na tattare tabarmar farko, na juye ta kan ta biyu, na rungumo su ina haki kamar mai kokawa.

Sai na ji ƙeyata tana zafi. Na ɗaga kai. Rana tsaka, sama fes, ko ɗigon gajimare babu. Daga falo kuwa ruwa sai zuba yake a cikin sifika, mawaƙi ya fara rera waƙar kewar masoyiyarsa.

Su uku suna bakin ƙofa. Rahila ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Mama ta ce, "Ɗana, wancan ya bushe, wancan yau na wanke shi. Ka haɗa mini su." Wallahi na so ƙasa ta buɗe in shige. Farar rigata ta koma ruwan ƙasa, ga ƙwayar agushi har cikin takalmi.

Baba ya tako a hankali ya dubi sama, ya dube ni. "Kai ne ka ce mu natsu ko?"

"Ni ne, Baba."

Ban koma falo ba. Na durƙusa na yi awa biyu ina tsince jiƙaƙƙe daga busasshe, ina ta shirya yadda zan yi wa Rahila ban kwana. Can na jiyo Baba yana ce wa Mama, da ƙarfi yadda zan ji, "Wayar nan kowa zai iya haɗawa. Amma mutumin da zai tsallake tebur saboda agushin da ba nasa ba, ba zai bar 'yata da yunwa ba. Ya turo iyayensa."

Abin da na koya shi ne, kafin ka gargaɗi mutane kan abu, ka fara gwada shi a kan kanka. Kuma duk gayun da na ɗauko don in burge surukina bai yi aiki ba, ƙauyancin da na ɓoye shi ya ba ni mata.