Baristan Layinmu da Tagar Khala Shefali

A duk tsohuwar Dhaka babu wanda ya san doka kamar Mokhles Bhuiyan. Shekara goma sha ɗaya yana sayar da takardun hatimi a ƙofar kotu, har ƙamshin shari'a ya kama rigarsa. Muna kiransa Barista. Bai taɓa gyara mana ba.

Da wani ɗan kasuwa, Tofazzal, ya fara ɗora bene mai hawa bakwai a yammacin layinmu, sai rana ta soma ƙaurace mana. Wadda abin ya fi cuta ita ce Khala Shefali (Khala, wato gwaggo), tsohuwar da mijinta ya rasu, wadda ke ɗinkin hannu a bakin taga, da shi take ci. Tun azahar ɗakinta ke duhu, allura ta yi ta sokar ta.

Barista ya tara mu a shagon shayi, ya hau benci.

"'Yan'uwa, tagar da ta sha haske shekara ashirin, hasken ya zama haƙƙinta. Ni da alƙalai mun sha tattauna wannan."

Gaskiya ne, yakan gaishe su in sun zo wucewa.

Khala ta ce, "To Mokhles, a kai ƙara gobe mana, kotu ta tsayar da ginin."

"Khala, ki tsaya kan allurarki. Ƙara ba a rubuta ta da garaje."

Wata uku yana rubutu. Gabatarwa kaɗai shafi tara ce, kan yadda aka halicci rana. Gini ya kai hawa biyar.

Khala ta gaji. Ta ɗauki takardar gidanta da tsohon hoton da aka ɗauke ta gaban tagar, ta je wurin wata lauya. Shafi biyu aka rubuta. Kotu ta dakatar da aikin, ta turo jami'in awo.

Ranar awo Barista ya sha farar riga, shi ya tarbi baƙo.

"Yallabai, ni na tsara wannan shari'a. Kada ka tsaya kan taga ɗaya. Auna kowane bango a layin nan, kada a ɗaga wa kowa ƙafa!"

Jami'in mutum ne mai jin magana. Ya gama da Tofazzal, ya zagayo tagar Khala ta gabas, ya tarar da bangon wani ɗakin sama ya toshe ta.

"Wannan ɗakin sama na waye? Ina takardar izininsa?"

"Na Barista ne," in ji Khala. "Shekara huɗu ke nan ya cinye min hantsi. Na yi shiru ne don maƙwabtaka."

Kotu ta sa Tofazzal ya ja gininsa baya, ta ce a sauke ɗakin Barista tunda ba shi da izini. Ranar da leburori suka hau da guduma, ya tsaya a tsakiyar layi yana shaida wa masu wucewa cewa shi ya nemi a fara da nasa, don na baya su koya.

Khala ta leƙo, allura a hannu.

"Mokhles, ɗan matsa gefe. Ka tare min haske."